Makwakkwafin Takabar Kaka

Me Kaka ta ji a cikin ƙarar tsuntsun nan, har ya tashe ta daga inda 'ya'yanta da liman da dukan dangi suka kasa ɗaga ta? Na yi shekaru ina juya wannan tambaya, ban samu amsarta ba. A da nakan tuna ta jefi-jefi, in yi murmushi in wuce. Amma tun da Allah ya karɓi maigidana, wata uku ke nan, da ita nake kwana, da ita nake tashi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, shi ya sa na zaunar da jikata ta riƙe mini alƙalami. In kun ga magana ta karkace, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi mini haƙuri.

A lokacin garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja muke ce masa, sai dai an fara raɗe-raɗin cewa gwamnati za ta ɗauki sunan ta kai wani wuri. Mu yara abin dariya yake ba mu, muna tambayar juna a kan me za a ɗora suna a tafi da shi. Gidanmu yana gefen gari, ɗakunan ƙasa ne da jinkar ciyawa, an kewaye da danga. Shekaruna ba za su wuce goma sha ɗaya ba, don ban fara kai azumi har magariba ba.

Kakana namiji masassaƙi ne, duk gidan Tsoho muke kiransa. Yana sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da kujerun mata, a wata rumfa da ke bayan ɗakin Kaka. Da ya dawo daga sallar asuba zai ɗauki gizago, kuma ƙarar nan ita ce agogon gidanmu. Amma akwai abin da mutanen kasuwa ba su sani ba. Babu turmin da ke fita daga gidan sai Kaka ta ƙwanƙwasa shi. Za ta tsuguna, ta karkatar da kai, ta bugi gefensa da guntuwar taɓarya sau uku. In ta ce, "Wannan yana da tsaga a ciki," ko da ido bai ga komai ba, Tsoho zai yi ta gunaguni, amma turmin ba zai je kasuwa ba. Yakan ce shi ke da hannu, ita ke da kunne.

Tsakanin rumfar da ɗakin Kaka akwai wani babban icen maje. Shekara biyu kafin rasuwarsa Tsoho ya sassare ɓawon ya zagaye gindinsa, ya bar shi ya bushe a tsaye, don a cewarsa icen da ya bushe a tsaye ba ya tsagewa kamar wanda aka kayar ɗanye. Niyyarsa ya sare shi a ranin nan ya fitar da turame. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan an gama shigar da dawa rumbu. Kwana tara ya yi, ya tafi.

Kaka ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalliya. Wannan kowa ya saba gani. Abin da ba a saba gani ba shi ne yadda ta rufe bakinta ga abinci. Inna, mahaifiyata, za ta dama kunun tsamiya, Kaka ta kurɓa sau biyu ta ture. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga ƙauye da fura da man shanu, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji ta koma. Liman ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mata nasiha cewa jiki amana ne. Ta ce ta ji, Allah ya saka da alheri. Akushi ya koma madafa kamar yadda ya fito. Kafin a yi sadakar arba'in ƙasusuwan wuyanta sun fito, ko bayan gida za ta je sai ta dafa kafaɗata. Ni aka ɗora wa zama da ita, ina yi mata fifita, ina miƙa mata buta. Ko tsokanar da take yi mini a da, wai na ƙwace mata miji don Tsoho yana ce mini amaryarsa, ta daina. Wata rana na ji Inna tana gaya wa maƙwabciya a bakin rijiya, "In aka ci gaba a haka, tsohuwar nan ba za ta ga damina ba."

Bazara ta shigo da zafinta. Rijiyarmu ta ja baya har sai da aka ƙara igiya a guga. Mangwaro ya nuna, ƙudaje sun cika gari, gyare yana kuka tun hantsi kamar ana wasa wuƙa. Matan Gwari suna wucewa ta bayan danga da itace a kafaɗa, gumi yana bin bayansu.

Wata safiya, rana ba ta gama fitowa ba, sai muka ji ƙara daga bayan ɗaki. Kwas, kwas, kwas. Shiru. Kwas, kwas. Daidai lokacin da Tsoho ke fara aiki, daidai wajen rumfarsa. Kafin in juya Kaka ta miƙe da kanta, tana dafa bango, ta zagaya baya ko kallabi babu. Na bi ta. Rumfa ba kowa, gizago yana rataye inda mai shi ya bar shi. Sai wani guntun ice ya faɗo gabanmu, muka ɗaga kai.

Makwakkwafi ne, manne a jikin majen. Bai kai kurciya girma ba. Bayansa kore-kore ne mai duhu, kansa ruwan toka, sai ja a tsakiyar kai kamar ya sa hula. Ya kafa farata a ɓawo, ya tokare da jelarsa, yana ja da kai baya yana sara. Na ga fuskar Kaka ta canja, na ce a raina yau sai ta kwanta ba ta sake tashi ba. Ta daɗe a tsaye tana saurare, kanta a karkace. Can sai ta ce, "Sakarai. Nan ba zai fasu ba."

Na ce, "Wa, Kaka?"

"Wancan mai jar hular. Ba ki ji ƙarar ba? A kan ƙullin reshe yake sara, inda ice ya fi tauri. Wahalar banza zai sha."

Rabon da in ji magana mai tsawo haka daga bakinta tun ranar rasuwa. Ta ce in ɗauko mata tabarma in shimfiɗa a rumfa.

Kwana uku tsuntsun ya yi yana fama da wurin, ramin bai wuce a sa babban yatsa ba. Ran na huɗu ya bar shi. Ya riƙa zagaya majen yana bugun nan, yana bugun can, yana tsayawa kamar mai sauraro, har ya tsaya a ƙarƙashin wani reshe mai kauri da ya karkata yamma. Da ya yi sara biyar Kaka ta gyaɗa kai. "Yawwa. Yanzu ya samu. Ai na faɗa masa."

Tun daga ranar a rumfa muke wuni. Macen ta bayyana, ita ba ta da jar hula. Ba tare suke sara ba, karɓa-karɓa suke yi. In namijin ya gaji zai yi wani kuka mai kaifi ya tashi, ita kuma ta sauko, ta leƙa ramin, ta bubbuga gefensa a hankali kafin ta fara. Kaka takan ce, "Ga mai duba aiki ta zo." Da sanyin safiya suke aiki, in rana ta take sai su ɓace cikin mangwaron maƙwabta, la'asar su dawo. Bakin ramin ya fito a zagaye sumul, kamar an auna da bakin kwalba. Kaka ta nuna mini yadda ƙofar ke kallon ƙasa, ta kuma ba gabas baya, inda hadarinmu ke tasowa. Ɓarɓashin icen yana zubowa har kan tabarmarmu. Takan tsinci ɗaya, ta murza a yatsu, ta kai hanci. Amma abinci har yanzu loma ɗaya ce ko biyu.

Ana haka gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma, yana watsewa. Wata safiya Baba, mahaifina, ya shigo bayan gida da gatari a kafaɗa. Ku yaran yanzu ba ku san alkunyar ɗan fari ba. Baba shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun yana yaro haka suke, ga shi har ya yi furfura a gemu. In tana da magana da shi sai ta bi ta bakin wani. Ranar nan bakin nawa ne.

Ta ce, "Faɗa wa wancan ya ajiye gatarin nan."

Taku huɗu ne tsakaninsu. Na juya na ce, "Baba, wai ka ajiye gatarin."

Ya ce, "Gaya mata hadari ya kusa. In majen nan ya faɗi, kan ɗakinta zai faɗi."

"Kaka, wai hadari ya…"

"Na ji, ni ba kurma ba ce. Ce masa akwai masu aiki a sama. A gidan nan ba a taɓa katse wa mai sassaƙa aikinsa ba."

Baba ya sauke gatarin daga kafaɗa. Shi tela ne a kasuwa, bai gaji gizago ba, amma ya san ciniki. Ya dubi akushin ɗumame da ke gefen tabarma a rufe, ya dubi majen, sannan ya ce mini, "Tambaye ta, masu aikin nan da yunwa suke yin sa?" Kaka ta kau da kai. Ya ce, "To gaya mata, duk ranar da akushin nan ya koma wa innarki babu komai a ciki, gatari zai huta. Ranar da ya koma da tuwo, in sare. Kuma in hadari ya taso, ɗakin innarki za ta shiga."

Kaka ta tafa hannu. "Ji mini ɗan nema! Ni zai yi wa ciniki kamar mai sayen yadi?" Amma tana faɗa tana jawo akushin. Ta buɗe, ta gutsura, ta kai baki, tana harara danga. Ta ci loma biyar, ta ci shida. Sai ta juyo kaina. "Ke kuma mai ƙwacen miji, kin zuba mini ido kamar na ci rabon uwarki. Kawo mini ruwa." Na ruga randa ina kuka. Da na dawo Baba ya fice, na hango shi a zaure yana goge fuska da hularsa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Sau biyu Kaka ta sa ni na cinye mata tuwon a ɓoye, ta ce in na faɗa za ta yanke mini kunne. Inna ce ta gane, ganin na kasa cin nawa da dare. Ta gaya wa Baba. Ya ɗauko gatarin ya jingine shi a jikin majen, inda Kaka za ta wuni tana ganinsa. Ba ta sake ba. Shi da ƙannensa kuma suka ɗaura wa majen igiya mai kauri, suka ja ta zuwa wani turke a bayan danga, don ko zai faɗi ya faɗi waje.

Aikin sama ya ci gaba. Da farko rabin jikin tsuntsun ke shiga ramin, sannan jela kawai muke gani tana rawa, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Ƙarar ta koma ciki, ta dushe, kamar ana daka a gida na uku. Jim kaɗan sai ka ga jar hula ta leƙo, baki cike da ɓarɓashi, ya girgiza kai ya watsar, ya koma. Na tambayi Kaka yaushe za su fara kai ciyawa. Ta ce, "Waɗannan ba sa ɗauko kayan wani. A kan abin da suka sassaƙa suke kwanciya." Kwana goma sha tara muka ƙirga da tsakuwa, sannan wata safiya muka ji shiru. Na ce sun gudu. Kaka ta ce in buɗe ido. Can sai namijin ya sauka a bakin ramin ya yi kira, macen ta fito, shi ya shige. Ta ce, "An yi ƙwai. Yanzu sai addu'a."

Hadarin farko ya zo mana da la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwashe faifai da shanya, kaji suna gudu. Kaka ta cika alkawari, ta shiga ɗakin Inna, amma ta tsaya a bakin ƙofa tana hangen majen. Igiyar tana kuka, busasshen icen yana lanƙwasa kamar kara. Sai muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga. Babban reshen sama ya karye, ya faɗo kan ɗakin Kaka, ya burma jinkar, ya fasa randarta, ya sauka daidai inda take shimfiɗa tabarmar sallarta. Ruwa ya sauko a kai, ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Inna tana ta salati.

Da gari ya waye Baba ya fito idonsa ja, ya ɗauki gatari, bai nemi bakina ba. Ya ce wa iska, "Wasa ya ƙare. Saura ƙiris in binne mutum biyu a shekara ɗaya saboda tsuntsu." Babu wanda ya ga laifinsa. Ya ɗaga gatarin ke nan sai muka ji wani ɗan kuka daga sama, siriri, kamar ana murza busasshen ganye. Reshen da ramin yake bai karye ba. Macen ta sauko da tsutsa a baki, ta shige.

Kaka ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Faɗa masa jiya na cinye, shekaranjiya na cinye. Ni ban karya nawa alkawarin ba."

Ban ma maimaita ba. Baba ya daɗe da gatari a sama, sannan ya sauke. Ranar bai je kasuwa ba. Shi da ƙannensa suka hau da tsani suka rage rassan da suka saura ta gefen ɗaki, a hankali, suna kaffa-kaffa da reshen ramin, sannan suka shiga gyaran jinka.

Bayan haka iyayen ba su huta ba, wannan ya shiga wancan ya fita, tun safe har magariba. Kaka ma ta daina wuni a zaune. Ta fara tsince dawa, ta fara sa baki a miyar Inna, wai daddawa ta yi kaɗan. Ranar da 'ya'yan suka fita ni kaɗai ce a rumfa. Guda biyu ne. Na farko ya daɗe yana leƙe, ya fito ya koma, sannan ya faɗa iska kamar an jefa shi, ya kama reshen mangwaro da ƙyar. Na ruga madafa ina haki na ce, "Kaka, sun tashi! Ba ki gani ba!" Tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Miƙo mini wancan faifan."

Da ta fita takaba, aka yi waina aka raba, sai aka kayar da majen. Baba ya ce shi zai fitar da turmi ko ɗaya ne daga gindin, kada aikin mahaifinsa ya zama itacen girki. Hannun da ya saba da allura ya ɗauki gizago. Kaka tana zaune ta ba shi baya tana saurare, tana aiko ni, a ce masa ya sassauta, a ce masa ya koma hagu. Rana ta uku ya kai wani sara a karkace, ƙarar ta fito ba daɗi. Kaka ta juya gaba ɗaya ta ce, "Kai! Ba haka ake riƙe gizago ba. Matso da hannunka sama." Inna ta saki muciya. Baba ya ce wa mahaifiyarsa, "To, Inna," kamar ƙaramin yaro, ya gyara riƙo. Kaka ta ja kallabi ta rufe fuska, mata suka fashe da dariya. Turmin ya fito a karkace, ɓangare ɗaya ya fi kauri. Ta tsuguna ta buge shi sau uku ta ce, "Mummuna ne, amma lafiyarsa ƙalau." Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, har ta goya ɗana na fari.

Yau ni ce a takaba, saura mini wata ɗaya da kwana goma. Inda gidanmu yake an yi shaguna. Nan inda nake zaune siminti ne da kwano, ko bishiya ɗaya babu a tsakar gidan, babura da keke ne ke tashe mu da safe. Amma ba a rasa mutane ba. Wata 'yar kudu da ke haya a gidanmu kullum sai ta leƙo da kwanon abinci, da Hausarta mai gargada, ta ce, "Mama, ci kaɗan." Ɗana na fari yana kirana a waya, ni kuwa ina amsa masa kai tsaye, har faɗa nake yi masa. Kusan wata uku ina mayar da kwano a rufe, ina ganin tsoro a idon 'ya'yana, irin wanda na gani a idon Baba. Jiya na shanye kunu. Yau na ce a tuƙa mini tuwon dawa da miyar kuka, a sa daddawa sosai.

Abin da ya riƙe mini hannu shi ne, shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa sa hannu a kwano ba sai maigidana ya ci. Ba shi ya sa ni ba, ni na saba. Ranar ƙarshe, bayan azahar, na kawo masa fate ya kasa sha. Na zauna a gefen gadon da nawa kwanon a cinya, a rufe, ina jira ko zai farka ya kurɓa. Ya buɗe ido, ya dubi kwanon, ya dube ni, har da ɗan murmushinsa. Ya ce, "Ke dai ba kya jin magana. Ci abincinki kada ya huce, yau kar ki jira ni."